Haƙorin Hajiya Fasuma a Rairayin Nansha

Tankari mutumin Maraɗi ne, kuma tun kafin ya san akwai wani gari da ake kira Guangzhou, gyaran rediyo yake yi a wata rumfa bayan babbar kasuwa. A wancan zamani rediyo abin daraja ce. Ana ɗinka mata riga, ana goge ta da safe, idan kuwa ta yi shiru maigida da kansa yake ɗauko ta a hammata ya kawo. Tankari ba ya gaggawar kwance rediyo. Yakan kunna ta, ya kara kunne, ya murɗa a hankali, ya saurari ƙarar nan da ke tsakanin tasha da tasha, domin a nan yake jin inda ciwon yake.

Da wayar hannu ta zo ta ɗauke masa aiki, sai ya zauna yana korar ƙuda, har shekarar da zinariya ta bayyana a Jado, can arewa da Agadas. Masu haƙa suka fara kawo masa na'urar neman zinariya, wadda su suke kira aparai, idan ta lalace. Ya buɗe ɗaya ya ga ashe 'yar'uwar rediyo ce, sai dai ita ƙasa take saurare. Ya bi motocin Jado ya zauna can yana gyara, ya kuma lura cewa da yawa daga cikin na'urorin tun daga kwali suke zuwa da kurumta. Wani ɗan kasuwar Agadas mai suna Ismaël shi ne ya ce masa, maimakon ya riƙa jiransu a hamada, ya je inda ake ƙera su ya saurari kowace kafin a rufe kwali. Haka Tankari ya sauka Guangzhou, ya kama ɗaki a Dengfeng a saman wani shagon waya. Lokacin nan unguwar cike take. Da magariba idan ka tsaya a bakin titi sai ka ji Hausar Kano da ta Yamai da ta zangon Kumasi suna gogayya, ga masu dako suna ta shigowa da dila daga kasuwar Canaan. Bayan shekara matarsa Habsatou ta biyo shi, ta kafa tukunya, tana yi wa fatake tuwo da miyar kuka.

Yadda yake aiki kuwa ba ya canzawa. Akwai wani fili bayan sito gaba da Sanyuanli, nan yake zuwa ya binne kwabo ko guntun tagulla, ya shafe wurin da ƙafa har ba alama, ya tafi ya sha shayi don ƙasa ta zauna, sa'an nan ya dawo ya nema. Na'urar da ta ji, ta shiga kwali. Wadda ba ta ji ba, ta koma wurin lawban, wato mai masana'antar, ko da lawban zai rantse da iyayensa.

To, a bana abubuwa biyu suka haɗu. Aka kewaye filin da kwanon gini, sannan Ismaël ya kira ya ce sabuwar na'urar da ake son saye da yawa, masu haƙa sun ce ba su son ganin kwabo. Zinariya suke son gani, ƙarama kamar ƙwayar wake, a binne ta cikin rairayi irin nasu, a ɗauki bidiyo tun daga binnewa har tonowa.

Namiji musulmi ba ya sa zinariya. Tankari, wanda ya daɗe yana cin abinci a gefenta, ba shi da ko ƙwaya. 'Yan kunnen Habsatou kuma wankan gwal ne. Zinariya ta gaskiya guda ɗaya ce a ɗakin nan, kuma dukansu sun san inda take: cikin wani ɗan kwalbar man shafawa, a ƙasan akwatinta. Haƙorin Makka ne na mahaifiyarta, Hajiya Fasuma, mai ƙuli-ƙuli a Maraɗi, wadda ta sa shi shekarar da ta sauke farali, ta yi ta dariya da shi har tsufa ya girgiɗe haƙorin aka zare rufin aka ajiye. Ta rasu a shekarun annoba, hanya a rufe, Habsatou ba ta ga jinya ba, ba ta ga wanka ba. Daga baya ƙanwarta A'isha ta ba wani bafatake haƙorin ya kawo mata. Shi ke nan abin da ta samu na uwarta.

Tankari bai roƙa ba. Ya dai yi ta kewaye-kewaye, yana ba ta labarin Ismaël da safe, yana sake ba ta da rana, har ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, haƙorin Inna kake so. Ka faɗa mana."

"Aro ne, Hajiya. Taƙi guda zan binne shi. Kina tsaye zan tono."

"A ɗaura masa zare."

"In suka ga zare za su ce wayo ne."

"To a naɗe shi cikin leda."

"Tsirararsa suke son gani."

Ta dubi tukunya. Can ta ce, "Da ni za a je. Kuma ni zan riƙe shi har bakin ramin."

Wanda ya kai su shi ne Abdul-Wadud, ɗan zangon Takoradi, mai loda kaya zuwa Gana, abokin wasan Tankari tun zuwansa. Yana da kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha, sai ya sauke su a bakin rairayin da mutanen gari ke zuwa shan iska, ya ce zai dawo bayan azahar.

Tankari bai taɓa ganin ruwa mai girma haka ba sai ta tagar jirgin sama. Ruwan ya yi nisa, ya bar fili mai faɗi, rairayi mai danshi, a daddale kamar an daɓe. Busasshen da ke sama yana zubewa in an tona, ga kuma yara suna ta tumurmusa a kai, don haka ya zaɓi mai danshin, inda rami zai tsaya da kyau a bidiyo. Ya yi kamar yadda ake yi a Jado, inda mutum kan kama dutse ɗaya a gaba, tudu ɗaya a baya, ya san wurinsa. A gaba ya kama wani babban jirgin ruwa mai jan ciki da ke tsaye. A baya ya kama wata bishiya. Sannan ya auna da ƙafa daga inda ruwa ya tsaya. Habsatou ta riƙe waya, ya tona, ya auna zurfin da hannu don a gani, ta miƙo haƙorin, ya ɗaga shi ya yi ƙyalli, ya sa a ramin, ya mayar da rairayi, ya shafe da tafin ƙafa har ita kanta ba ta iya nuna wurin ba.

"Sai ya zauna," in ji shi. "Mu je mu yi salla."

Ta bi shi. Suka hau can ƙarƙashin bishiyoyi, bayan wani gini inda ido ba ya kansu, suka yi alwala da ruwan gora, suka yi salla, ta buɗe dambun da ta zo da shi. Iska tana kaɗawa. Suna cikin ci Abdul-Wadud ya iso, ya zauna ya sa hannu ba tare da an ce masa bismilla ba.

"Ɗan Faransa, an gama sinima?" in ji shi, don da sunan nan yake tsokanar Tankari, mutumin ƙasar rainon Faransa.

"Saura tonowa. Yana can yana zama."

"Yana ina?"

Tankari ya nuna da haɓa. Abdul-Wadud ya leƙa ta gefen ginin, hannunsa ya tsaya tsakanin kwano da baki.

"A jiƙaƙƙen rairayi ka binne? Da me ka yi alama?"

"Da jirgin can, da bishiya, da bakin ruwa."

"Wane jirgi?"

Tankari ya miƙe. Babu jirgi mai jan ciki. Kuma filin nan mai faɗi da suka taka ɗazu ya tsuke, ruwan ya matso ya cinye fiye da rabinsa.

"Wayyo mutumin tudu," in ji Abdul-Wadud, amma babu dariya a muryarsa. "Wannan ba tabkin Madarunfa ba ne. Ruwan nan yana tafiya yana dawowa kullum. Yanzu cika yake yi, kuma in ya rufe wuri, yana motsa rairayin. Abu mai nauyi ƙasa yake yi."

Habsatou ta rufe kwanon dambu. Ta ɗaure shi cikin tsumma da kyau, ta miƙe.

Suka gangara da sauri. Tankari ya haɗa sandar na'urar, ya sa abin ji a kunne, ya kunna. Abdul-Wadud ya karɓi wayar ya buɗe bidiyon ko za a ga alama. Hannu ne kawai da rami da haƙori, domin Tankari da kansa ya ce a matso da waya kar a ɗauki komai sai aikin. Sai a ƙarshe, inda Habsatou ta sauke hannu ba ta kashe ba, hoton ya juya ya kama bishiyar nan a bayan wani koren kwandon shara. Abdul-Wadud ya yi ta matsawa hagu da dama har kwandon ya rufe gindin bishiyar.

"Kan layin nan yake. Amma ko ina a kai, Allah ne masani."

Layin ya miƙe daga ƙafarsa ya shige cikin ruwa.

Tankari ya fara daga sama, yana lilo da faifan na'urar dama da hagu kamar mai shara, yana gangarawa. A busasshen wuri ta yi tsit kamar yadda ya kamata. Da faifan ya hau danshi sai ta ɓarke da surutu, ƙit-ƙit-ƙit, ko ina ya kai ta. Gishiri ne. An ƙera ta don hamada, ga shi an kawo ta inda ƙasar kanta ke amsa mata. Ya rage mata ƙarfin ji, ta yi shiru. Amma ya san abin da ya yi: na'urar da aka rage wa ji ba ta kai taƙi guda, balle ga abu kamar ƙwayar wake. Ta yi ƙara sau ɗaya mai kauri, Abdul-Wadud ya kafa shebur, murfin kwalba. Ta sake yi, marfin gwangwani. Mutane suka fara taruwa da wayoyinsu. Wani tsoho mai hular kaba ya matso yana murmushi ya tambaya da Sinanci ko an samu.

"Meyo," in ji Tankari, wato babu, bai ɗago ba.

Ruwa ya taɓa masa yatsun ƙafa, ya koma. Ya waiwaya. Habsatou tana tsaye a busasshen wuri, ta riƙe kwanon da hannu biyu a ƙirji, idonta a kan ruwan. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Akwai wani madanni a ƙarƙashin babban yatsa, wanda 'yan kasuwar ke kira finfoyin. An yi shi ne don in ka riga ka ji abu, ka danna ka tsayar da faifai ka gane tsakiyarsa. Idan an danna shi na'urar tana daina zaɓe, tana daina jiran a yi lilo da ita, sai ta riƙa wani gunji siriri mara yankewa, wanda kan ɗan kumbura idan faifan ya bi ta kan ƙarfe. A Jado Tankari ya ga cewa a haka ta fi jin nesa, in dai mai riƙe da ita yana da haƙuri da kunne. Ba a yin nema da shi, domin tafiyar hawainiya ce, kuma kowane ƙusa sai ya yi magana. Amma layi ɗaya ne a gabansa.

Ya mayar da ƙarfin ji sama. Ya sami wuri mai tsabta a gefe, ya sauke faifan har ya kusa shafar rairayi, ya danna, ya riƙe. Gunjin ya zo. Ya fara jan faifan a hankali, ba ya bari ya ɗaga ko ya sunkuya, domin ko kaurin yatsa ya canza, gishirin zai sa gunjin ya tashi kamar an sami abu. Igiyar ruwa ta zo ta bi ta kan faifan, na'urar ta kurma ihu a kunnensa har ya runtse ido. Ya saki madannin, ya jira ruwan ya koma, ya sake dannawa. Tsakanin igiya da igiya yake da shi, numfashi biyu ko uku, sannan a sake daga farko.

"Ɗan Zango, ka ce su yi nisa. Wayoyinsu na shiga mini kunne."

Abdul-Wadud ya buɗe hannuwa ya tura taron baya, yana ta shiye-shiye, wato godiya da Sinanci.

Ruwa ya kai idon sawu. Wandon Tankari ya jiƙe, yatsansa ya ƙage a kan madanni. Akwatin na'urar ba ya son ruwa, faifan ne kawai aka yi don ya jiƙe, don haka ya ɗaga gwiwar hannu sama kamar mai ɗauke da jariri a rafi. Gunjin ya tashi da ƙarfi, fal kunne.

"Ga shi nan!" in ji Abdul-Wadud, don har shi ya jiyo. Ya ɗaga shebur.

"Bari. Wannan a sama yake, kuma ya yi faɗi."

"Ka tabbata? In shi ne fa?"

"Ba shi ba ne."

Bai tabbata ba. Amma kowane rami yana cin lokaci, kuma ya san abin da ya binne ƙarami ne, yana nesa, ba zai yi ihu ba. Ya wuce wurin. Taki kaɗan gaba, bayan wata igiya ta koma, ya ji gunjin ya ɗan yi kauri, kaɗan ƙwarai, kamar mutum ya yi gyaran murya a ɗaki na uku. Ya tsaya. Igiya ta zo ta share. Ya sake dannawa a gefe, ya jawo faifan ta wurin. Ya sake ji. Ya juya jikinsa ya ratsa wurin ta ɗaya ɓangaren, ya ji shi a nan dai, ɗan ƙunci, bai fi tafin jariri ba.

Ya kafa babban yatsan ƙafarsa a wurin. "Nan. Ka shiga da zurfi, ka faro daga nesa. Kar ka sare shi."

Abdul-Wadud ya kafa shebur ya taka, ya ɗago rairayi mai nauyi ya zubar a gefen tudu. Kafin ya sake kafawa ramin ya rufta ya cika da ruwa. Tankari ya sa faifai. Yana nan. Aka sake, ya sa faifai, yana nan, ya ma ƙara fitowa. Abdul-Wadud ya yi bismilla ya danna shebur har ƙota, ya ɗago, ya juye a kan tarin.

Tankari ya sa faifai a ramin. Shiru. Ya sake dannawa, ya sake ja. Gunji kawai, a miƙe.

"Mi ya faru?" Muryar Habsatou ce, karo na farko.

"Ko ya fito yana cikin tarin, ko ya nutse."

Bai rufe baki ba ya ga igiyar. Ta fi waɗanda suka gabace ta, ta taho da kumfa, ta bugi tarin rairayin ta gefe ta fara lashe shi. Tankari yana riƙe da na'ura a sama, Abdul-Wadud yana riƙe da shebur, dukansu suka tsaya kamar an dasa su. Habsatou ce ta yar da kwanon. Matar da ko shagon ƙasa ba ta sauka babu mayafi, ta fizge shi daga kafaɗa a gaban taron nan, ta faɗa ruwa da gwiwoyinta, ta kifa mayafin a kan abin da ya rage na tarin, ta kwanta a kai da ƙirji. Ruwan ya bi ta kanta ya wuce, ya dawo ya ja, ba ta motsa ba. Da ya koma sai ta tura hannuwa ta ƙarƙashi, ta tattaro rairayin cikin mayafin har da na ƙasa, ta haɗa bakinsa huɗu.

"Ku kama mini," ta ce.

Su biyu suka ɗauka, yana zubar da ruwa, suka haura da shi har kan daɓen siminti. Tankari ya ce a matsa daga nan, akwai ƙarfe cikin siminti, suka koma kan busasshen rairayi, ya fara bin wurin da faifai ya tabbatar babu komai, sannan aka sauke. Tarin da ya kai shebur uku ɗazu, yanzu bai fi cikin ƙwarya biyu ba.

Ya kwantar da na'urar, faifan a tsaye, ya danna madannin ya riƙe. "Ki cire awarwaro. Ki riƙa ɗiba da hannu kina wucewa ta gabansa."

Ta cire. Ta ɗiba, ta wuce da shi, shiru, ta zubar gefe. Ta ɗiba, shiru. Taron ya matso, har tsohon nan ya cire hularsa. Rairayin yana raguwa, zanen furannin mayafin ya fara bayyana a ƙasa. Tankari ya daina kallon hannunta, ya rufe ido. Abdul-Wadud yana ta motsa baki da addu'a.

Na'urar ta yi kuka.

Habsatou ta tsaya da hannu a dunƙule. Ta raba abin da ke ciki biyu, ta wuce da na dama, shiru. Ta wuce da na hagu, kuka. Ta buɗe tafin, ta sa yatsa tana tonawa a hankali, sai ga shi, cike da rairayi, gefensa ɗaya ya ɗan lotsa inda shebur ya shafe shi.

Mutanen suka yi tafi. Tsohon ya ɗaga babban yatsa yana dariya. Abdul-Wadud ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗan Faransa, wallahi ka rage mini shekaru."

Tankari ya saki madannin, yatsan ya ƙi miƙewa. Ya dubi matarsa. Habsatou ta ɗauki gorar ruwa ta wanke haƙorin, ta juya shi, ta daɗe tana duban inda ya lotsa. Ta duba jikinta, zane a jiƙe, mayafi cike da rairayi, babu inda za ta ɗaure shi ta yarda. Sai ta buɗe baki ta sa shi a cikin kunci, ta rufe.

A mota Tankari ya zauna baya kusa da ita, na'urar a kan cinyarsa. Ya ce mata sannu, ta gyaɗa kai. Ya ce akwai maƙerin zinariya wajen Liuhua da zai iya miƙe lotsawar, ta dubi taga. Har suka shigo Dengfeng ba ta ce uffan ba, shi kuwa bai san ko haƙorin ne ya hana ta magana ba, bai kuma yi ƙarfin halin tambaya ba.